Ɗana, Karanta Littafin Kafin Ka Miƙa Makulli

Ɗana, da kai nake, ko kana karatun kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ko kana koyon aiki a shagunan PZ da Sabon Gari, kana jan waya kana haɗa wa mutane intanet. Na ji yanzu kuna ɗokin miƙa wannan aiki ga wakilan ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin da ba su tsaya ga amsa tambaya ba, har cikin rauta suke shiga su ba da umarni da kansu. Ban hana ka ba. Amma kafin ka damƙa wa wakili makulli, zauna ka duba littafin bayanin kayan aikin da zai taɓa, domin da shi zai dogara.

Yaron shago in ya rikice yakan leƙa ya ce, "Maigida, ya zan yi da wannan?" Shi kuwa wakilin nan sau da yawa ba ya tsayawa tambaya. Duk inda bayani ya bar giɓi, da zato yake cikewa, kuma kafin ka ƙifta ido ya aiwatar.

Ɗauki MikroTik, na'urar kamfanin ƙasar Latbiya da ake yawan amfani da ita a makarantu da otal-otal a ƙasar nan. A ƙarshen 2021 suka fito da RouterOS 7, suka sauya yadda ake rubuta ƙa'idojin tace hanyoyi da saitin BGP. Amma tsofaffin bayanan RouterOS 6 suna nan birjik a intanet, wakilinka kuma ya sha su ya ƙoshi. Saboda haka duk shafin da ka buɗe, nemi inda ya faɗi wace siga yake magana a kai. Shafin da bai faɗa ba, kada ka yarda da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne umarnin da ke rusa abu ba tare da ya yi kama da mai rusawa ba. A suwic ɗin Cisco, in ka rubuta switchport trunk allowed vlan 30 da niyyar ƙara sashe na 30, ba ƙari ka yi ba: ka share duk sauran sassan da ke bin wannan kafa, ka bar guda ɗaya. Sai ka sa add kafin lambar sannan ya zama ƙari. Tsofaffin ma'aikata sun san wannan domin sun taɓa ƙonewa. Littafi na ƙwarai zai rubuta gargaɗin nan a jikin umarnin, ba a wani babi can baya ba, domin wakili yakan tsinci yankin da yake buƙata ne kawai ya wuce. Ka tambayi kanka: wanda wannan sakin layi kaɗai ya gani, zai gane abin da umarnin zai goge?

Kada ka ce ai ƙaramin abu ne. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, umarni guda da aka bayar lokacin gyara ya katse Facebook da WhatsApp da Instagram na kusan awa shida, kuma manhajar da aka ɗora wa tantance irin wannan umarni ba ta tare shi ba saboda tana da aibi. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Sai hanyar komawa baya. MikroTik na da Safe Mode, wanda ke warware sauye-sauyenka in haɗinka da na'urar ya yanke. Juniper na da commit confirmed, wanda ke mayar da tsohon saiti bayan minti 10 in ba ka tabbatar ba. Duba ko littafin ya bayyana wannan filla-filla da misalin da za a iya gwadawa, kuma ko ya faɗi ma'anar saƙonnin kuskure.

Akwai kuma littafin da babu kamfanin da zai rubuta maka, wato bayanin aikinka. Wace waya ce ta tafi ofishin shugaban makaranta, wace ce ta ɗakin jarrabawa? Wane adireshi ne ba a taɓawa? Yawancinmu a ka muke riƙe wannan. Tun 2015 JAMB ta koma jarrabawa ta kwamfuta gaba ɗaya. Ka tuna yaran da suka yi sammako suna zaune gaban allo, sannan ka auna abin da zato guda zai jawo musu. Rubuta bayanin aikin nan, ko a manhajar NetBox ko a takarda, ka sa kwanan wata.

Ka samu tsohuwar rauta wadda ba kowa a kanta, ka ba wakilin littafin, ka sa shi aiki kana kallo. Inda ya yi tuntuɓe, koma ka duba shafin. A na'urar mutane kuwa, fara ba shi izinin dubawa kawai, ban da sauyawa. Don Allah, ɗana, kada ka wuce nan sai ka gwada. Allah ya yi maka albarka.