Littafi Biyu a Asibiti Ɗaya: Shaidar Likita da Lissafin Akawu

Kowane asibiti yana ajiye rubutu iri biyu game da mutumin da ya shiga ƙofarsa, kuma tun da aka mayar da rubutun cikin kwamfuta kowane iri ya samu manhajarsa, wato jerin umarnin da na'ura ke bi ta yi aiki. Ta farko ita ce kundin lafiyar majiyyaci, inda likita da ma'aikatan jinya ke shigar da abin da mara lafiya ya faɗa, da abin da aka gani a jikinsa, da sakamakon awon jini da na hoto, da magungunan da aka rubuta masa har da waɗanda jikinsa ba ya ɗauka. Ta biyu ita ce manhajar tafiyar da asibiti, wadda ta gaji aikin akawu da ma'aji: yanka kati, raba lokutan ganin likita, fitar da takardar kuɗi, aika buƙatar biya ga kamfanin inshora da bin bashi. Masu tallata su kan kwatanta su ta fuskar farashi da sauƙin aiki, alhali asalin bambancinsu yana cikin tambayar da kowace ke amsawa, domin ɗaya tana tambayar me ke damun wannan mutum, ɗayar kuma tana tambayar wa zai biya, kuma nawa. Abin bincike shi ne wane littafi ya kamata ya shugabanci ɗan'uwansa idan aka haɗa su a na'ura guda.

Kuskure ne a ɗauka cewa addini yana ƙyamar littafin kuɗi. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an yi masa ƙaho kuma ya biya mai ƙahon ladansa, sannan Risalar Ibn Abi Zaid, wadda almajiran fiƙihun Malikiyya suka sani sarai, ta halatta a yi sharaɗi da likita cewa ladansa yana rataye da samun waraka. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi da adalcin marubucinsa, ta kuma ɗora shiftar abin da za a rubuta a kan wanda ake bi. Aikin akawun asibiti ke nan yana da tushe, ko da yake a tsarin inshora na zamani wanda ake bi bashin shi ne yakan zama na ƙarshen ganin abin da aka rubuta a kansa.

Matsayin littafin likita daban yake, domin shi shaida ne, wato labarin da wanda ya gani da idonsa ke bayarwa don a gina hukunci a kansa. Littattafan hisba, waɗanda ke bayanin aikin muhtasibi mai sa ido kan kasuwa da sana'o'i, sun fito da wannan fili. A cikin Ma'alimul Ƙurba na Ibnul Ukhuwwa, malamin Masar da ya rasu a 1329, an so likita ya riƙa rubuta maganin da ya tsara duk ranar da ya duba mara lafiya, ya bar kwafi a hannun dangi a gaban waɗanda ke wurin. Idan mara lafiya ya warke, likita ya karɓi ladansa. Idan kuwa ya rasu, dangi su kai takardun wurin babban likitan gari, wanda zai duba ko an bi ƙa'idar sana'a, in ya ga sakaci ne ya jawo mutuwar sai a nemi diyya daga likitan. Tsarin yana da sauƙi, amma jerinsa yana da ma'ana: rubutu ne a gaba, lada a baya, kuma takardar tana hannun mutanen da za ta kare. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, takardar kuwa ita ce hujjar cewa an yi askin.

Kundin zamani ma da wannan niyya ya fara. A 1907 Dakta Henry Plummer ya shigo da tsarin bai wa kowane majiyyaci lamba ɗaya da fayil ɗaya a asibitin Mayo na Amurka, maimakon kowane likita ya riƙe littafinsa shi kaɗai, sannan a 1968 Lawrence Weed ya yi kira da a tsara kundin bisa matsalolin mara lafiya, ta yadda wani likita zai iya bin sawun tunanin wanda ya gabace shi. Sai dai a yawancin asibitocin ƙasar kwamfuta ta ƙofar ofishin kuɗi ta fara shiga, musamman bayan kafa inshorar gwamnati ta Medicare da Medicaid a 1965, kuma sai da dokar HITECH ta 2009 ta zuba biliyoyin daloli kafin kundin likita ya bar takarda. A 2008 asibitocin da ke da irin wannan kundi ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, bayan shekara goma kuwa kusan duk sun mallake shi, galibi daga kamfanoni irin su Epic da Cerner, masu sayar da littattafan biyu a dunƙule.

Gadar da ke haɗa su ita ce lambobi. Kowace cuta tana da lamba a jadawalin ICD na Hukumar Lafiya ta Duniya, kowane aiki na likita yana da tasa a jadawalin CPT, kuma da waɗannan lambobi ake neman biya a Amurka. A nan matsalar ta kunno kai. Ƙa'idojin da hukumar Medicare ta fitar a 1995 da 1997 sun rataya matakin kuɗin ganin likita da yawan abubuwan da aka rubuta, kamar sassan jiki nawa aka tambaya a kansu da nawa aka duba, don haka manhajoji suka zo da shirin da likita zai danna sau ɗaya, shafi ya cika da cewa ido lafiya, kunne lafiya, ƙirji lafiya, ciki lafiya, ko da mutumin targaɗe ne ya kawo shi. Wani nazari da aka buga a 2016 ya nuna cewa a kan kowace awa guda da likitocin da aka bibiya suka yi tare da marasa lafiya, sun yi kusan awa biyu a gaban kwamfuta da takardu, wani kuma na 2018 ya gano cewa tsawon rubutun likitocin Amurka ya ninka na takwarorinsu na wasu ƙasashe masu manhaja iri ɗaya kusan sau huɗu. An sassauta waɗancan ƙa'idoji a 2021, amma inda ake ƙara wa kamfanin inshora kuɗi gwargwadon nauyin cututtukan da aka rubuta wa mutanensa, kwaɗayin ƙara wa cuta nauyi a rubuce yana nan.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan rauni na ɗan Adam, shi ya sa ba sa karɓar shaidar wanda ke jawo wa kansa amfani da ita, ko da mutumin kirki ne, saboda abin da suka kira tuhuma. Likitan da rubutunsa ke ƙayyade abin da za a biya shi ya faɗa cikin wannan hali ba da zaɓinsa ba. Cutarwar kuma ba ta tsaya ga aljihun mai biya ba, domin likitan da zai karɓi mara lafiya da tsakar dare yana karanta kundin ne a matsayin gaskiya, kuma layin da aka rubuta don akawu yana iya binne layin da zai ceci rai.

Ta ɗaya ɓangaren kuma sirri ne ke tsiyaya. Mara lafiya yana gaya wa likita abin da ya ɓoye wa iyalinsa, amma da zarar an mayar da ƙanjamau ko taɓin hankali lamba a takardar biya, lambar za ta bi hannun akawu, da kamfanin da ke tace buƙatun biya, da ma'aikatan inshora. A Fabrairun 2024 'yan kutse suka shiga na'urorin Change Healthcare, kamfanin da aikinsa kai-komo da takardun biya ne, abin ya shafi bayanan mutum kusan miliyan 190. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Burunai a 1993, ta tabbatar cewa riƙe sirrin mara lafiya shi ne asali, ba a fita daga gare shi sai inda cutar ɓoyewa ta fi ta bayyanawa, dokar HIPAA ta Amurka ma ta taƙaita abin da za a bayyana don biya ga gwargwadon buƙata. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na'ura kuwa ba ta da ciki sai wanda aka gina mata.

Masu goyon bayan haɗa manhajojin suna da hujja mai ƙarfi, domin shigar da suna sau biyu yana haifar da kuskure, asibitin da bai karɓi haƙƙinsa ba kuma rufewa zai yi, talaka ne zai fara ji a jikinsa. Tambayar ta iso Najeriya ma, tun da dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora, dokar lafiya ta 2014 kuma ta hana a ƙi duba wanda ke cikin halin gaggawa. Haɗawar ba laifi ba ce matuƙar ruwan ya gangara ta hanya ɗaya: a ciro takardar kuɗi daga abin da likita ya riga ya rubuta, akawu ya ga iyakar abin da aikinsa ke buƙata, majiyyaci kuma ya samu ikon karanta littattafan biyu. Manhajar da ke nuna wa likita kalmar da za ta fi kawo kuɗi yana tsakiyar rubutu ta lalata shaidar, komai sauƙin farashinta.