Baƙo a Tsakiyar Taro

Karatu: Ayyukan Manzanni 17:16-34



Manzo Bulus ya taɓa zama baƙo a wani babban birnin Turai, wato Atina. Yana jiran Sila da Timoti, ya ga gumaka ko'ina, ransa ya ɓaci ƙwarai. Amma bai kulle kansa a masauki ba. Ya zaga, ya duba da kyau, har ya tarar da bagadin da aka keɓe wa allahn da mutanen ba su sani ba. Daga nan ya fara wa'azi a Tudun Arasa.

A ƙarshen Disamba 2023 ni ma na zama baƙo a Paris, babban birnin Faransa. Ɗan wani dattijon ikilisiyarmu a Garwa ne ya sauke ni. Karatu ya kai shi, amma karatun ya tsaya, yana wanke kwanuka a gidan abinci. Daren 31 ga wata ya ce, "Baba Fasto, zo mu je ka ga yadda ake shiga sabuwar shekara a nan." A wannan dare jirgin ƙasa na cikin gari kyauta ne. Muka sauka kusa da babban titin Champs-Élysées, jama'a maƙil, ba masaka tsinke. Sanyin kuwa, hunturun bakin Binuwai wasa ne.

Zan faɗa muku gaskiya, ban yi kamar Bulus ba. Ɓacin ran kaɗai na ɗauka. Ina kallon masu rawa da waɗanda suka bugu, ina shirya wa'azin da zan yi a kansu idan na dawo gida. Har na ji daɗin kaina, wai ni ba irinsu ba ne.

Da sha biyu ta cika, wutar wasa ta tashi a kan Arc de Triomphe, kowa yana rungumar na kusa da shi. Na juya in ce wa yaron barka da sabuwar shekara, sai na ga hawaye. Ashe wata bakwai bai kira mahaifiyarsa ba. Kunya yake ji, domin an sayar da shanu an tura shi, shi kuwa ba takardar shaida, ba abin aikawa. Majami'a ma ya daina zuwa, kada ya gamu da wanda zai kai labari gida. Kwana huɗu ina cin abincinsa, ina kwana a gadonsa shi yana ƙasa, ban lura ba. Idona yana kan zunubin mutanen da ban sani ba.

Ga abin da Ubangiji ya tuna mini. A lokacin sanyi agogon Faransa da na Kamaru ɗaya ne. Sha biyun Paris ita ce sha biyun Garwa da Marwa da Ngaundare. Na ce masa, "Ɗana, yanzu haka mamarka tana majami'a a kan gwiwa, kuma na san sunan da take ambata." Muka raɓe bakin wani shago, na kira ta da wayata. Sai a karo na uku ta ɗauka. Muna jin ganga da guɗar matan zumunta. Ba ta tambaye shi kuɗi ba, ba ta tambayi takarda ba. Ta ce, "Kana da rigar sanyi?"

A Atina wasu sun yi wa Bulus ba'a, kaɗan ne suka ba da gaskiya, cikinsu har da wata mace mai suna Damarisa. Ko kaɗan ɗin ma, sai da Bulus ya fita ya duba kafin ya same su.

Iyaye masu sauraro, wanda yake da ɗa a Turai, ko a Yawunde da Duwala, wace tambaya yake fara ji idan ya kira ku?

Addu'a: Ya Uba, ka tsare 'ya'yanmu da suke baƙunci a wannan dare. Wanda kunya ta hana shi kiran gida, ka ba shi ƙarfin hali. Cikin sunan Yesu. Amin.