A San Mutum, A San Cinikinsa

A ƙarshen shekarar karatu, makarantun sakandare na Gombe, daga Arawa zuwa Bolari da Tudun Wada, sukan yi bikin ba da kyaututtuka, kuma sau da yawa babban baƙo attajiri ne. Akan share fili, a kafa rumfa, a jera ɗalibai cikin rana. Da baƙon ya sauko daga mota, sai ka ji wani yaro yana raɗa wa na kusa da shi, "Wai wane ne wannan?" Malamin da ya ji yakan sunkuyar da kai don kunya. To, yaron ya yi laifi ne? Wajibi ne matashi ya gane attajirin da ya ziyarci makarantarsa?

Abubuwa uku ne muke cakuɗawa a nan: gane fuskar mutum, sanin aikinsa, da girmama shi.

Gane fuska ba bashi ba ne a kan kowa. Fuskar da yaro ya sani ita ce wadda talabijin da wayar hannu suka yawaita nuna masa. Lokacin da Mark Zuckerberg, mai kamfanin Facebook, ya ziyarci yara masu koyon kwamfuta a Yaba ta Legas a 2016, duk wanda ya gane shi a cikinsu hoto ne ya taimake shi, ba hikima ba. Wanda bai gane shi ba kuwa bai rasa kome daga tarbiyyarsa ba.

Sanin aiki dabam ne, kuma a nan ne ya kamata mu tsananta. Jahilci ba tawali'u ba ne. Ɗalibin da ke shan shayi da sukarin Dangote ya kamata ya san cewa an haifi Aliko Dangote a Kano a 1957, ya fara da saye da sayarwa kafin ya kafa masana'antu, kuma matatar man da aka ƙaddamar a Lekki a 2023 tana da hannu a kuɗin motar da mahaifinsa ke biya. Ya san Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, da cinikin goro da gyaɗa da ya ɗaukaka Kano. Ya san cewa simintin Ashaka, a ƙaramar hukumar Funakaye ta jiharmu, ya fara fitowa tun 1979. Hausawa sun ce a san mutum, a san cinikinsa. Yaron da aka koya wa haka zai iya tambayar baƙo: Da me ka fara? Mutum nawa ke cin abinci a ƙarƙashinka? Kana biyansu hakkinsu a kan kari? Wanda aka koya wa tafi kaɗai, mota da babbar riga zai gani, ya ɗauka arziki daga sama yake faɗowa. Daga irin wannan tunani ne damfara ta intanet take samun sababbin almajirai.

Girmamawa kuwa hakkin kowane baƙo ce, an san shi ko ba a san shi ba. A Farawa sura 18, Ibrahim ya ruga ya tarbi baƙi uku, ya sa aka yanka musu maraƙi, ba tare da ya nemi sanin abin da suka mallaka ba. Wasiƙar Yakubu sura 2 kuma ta tsauta wa taron masu bi da ke ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau, su bar matalauci a tsaye. Littafi Mai Tsarki bai hana mu girmama mai arziki ba. Tara ce ya hana. Idan ɗalibai sun miƙe wa attajiri, amma suka wuce mai gadin makaranta ba gaisuwa, ba ladabi suka koya ba, fadanci suka koya.

Wani zai ce mai kyauta ya cancanci a san shi. Gaskiya ne, godiya wajibi ce. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke kwana a ɗakunan da Gidauniyar Dangote ta miƙa a 2019 sun kyauta idan sun san wanda ya gina. Amma aikin makaranta ne ta gabatar da baƙo, ta bayyana abin da ya yi tun kafin ya zo. Attajirin da ransa ya ɓaci don yara ba su gane shi ba kuwa, sai ya tambayi zuciyarsa ko taimako ya kawo, ko yabo ya zo saye.

Ya ku iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. 'Ya'yanmu suna lura da wanda muke rusuna wa, da wanda muke amsa wa gaisuwa daga zaune. Mu koya musu su gaishe da kowa, su binciki aikin kowa, su durƙusa wa Allah shi kaɗai. Ubangiji ya ba mu hikimar renonsu. Amin.