Safayar Nuni: Gargaɗi ga Masu Mota a Zariya

Wata mummunar ɗabi'a tana neman samun gindin zama a tsakanin masu motoci a Zariya, kuma shiru a kanta ba alheri ba ne. Mutum zai jefa mushen taya a but, wadda ta suɗe har waya ta leƙo, ko iska babu a cikinta, ya kira ta safaya. Ba don ɓacin rana ya ajiye ta ba. Ya ajiye ta ne don idan jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra ko ɗan KASTLEA ya ce a buɗe baya, ya hango baƙin abu, ya ce a wuce. Wani ko mushen ba shi da shi. Ranar duba lafiyar mota sai ya biya wajen mai faci a Tudun Wada ya ari ta wani, a gama dubawa ya mayar.

Masu wannan hali sukan tambaya wai dole ne sai da safaya? A Najeriya dole ne. Hawa titi babu ita yana cikin laifuffukan da Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, take cin tara a kansu. Wasu 'yan boko kan kafa hujja da Ingila, cewa can ba a kayar da mota a gwajin shekara don rashin safaya. Gaskiya ne. Amma can idan taya ta fashe waya za ka buga a zo a same ka. Kai fa, malam direba, da ka ɗebo mutane daga Kwangila, taya ta fashe maka tsakanin Giwa da Funtuwa bayan magariba, wa za ka kira? Ga mata, ga goyo, ga tsoho mai ciwon suga, ga daji wanda kowa ya san abin da ke cikinsa a shekarun nan. Yaron mota ya hau acaɓa da taya a ka yana neman mai faci, ku kuna gefen titi kuna salati. Wanda ya ari safaya ya nuna, ba jami'i ya yaudara ba. Waɗannan bayin Allah ya ci amanarsu, bayan ya karɓi kuɗinsu cif.

Na san kuɗin taya ya yi tashin gwauron zabo, kuma direban haya balas yake nema kafin ya nemi na cefane. Wannan uzuri ne na neman mai sauƙin kuɗi, bai halatta ƙarya ba. Kuma mai sauƙin ma a duba ta. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na 2018. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana ɗaukar shekara huɗu a matsayin wa'adin taya, domin roba tana bushewa ta tsattsage ko da ba ta taɓa taka kwalta ba, balle wadda ta sha zafin but shekara da shekaru. Tayoyin gwanjo kuwa suna cikin kayan da aka haramta shigowa da su ƙasar nan, amma ga su jibge a kasuwa. Ita kuma 'yar siririyar nan da ke zuwa da motocin Beljiyam, ba a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita, kuma iyakarta ta kai ka wurin gyara. Na ga masu cika mota da fasinja su kama hanyar Kaduna a kanta.

Jami'an da ke leƙa but su ma su ji tsoron Allah: a taɓa tayar, a ji ko da iska, a tambayi jak da sufana, domin safaya babu abin ɗaga mota ba ta fid da kowa. Shugabannin tasha, kun san kowace mota da direbanta fiye da kowane jami'i. Kada ɗan kamasho ya fara lodi sai an ga safaya mai rai. Mai faci kuma ya daina ba da aro. Fasinja, kafin ka miƙa kuɗinka, ka ce a buɗe but ka gani, idan direba ya ƙi ka sauka ka jira ta gaba.