Hasken Hoto da Mudun Gaskiya

Ga wata tambaya da kakanninmu ba su san da ita ba: in mutum ya ƙara wa hoto haske don ya yi kyau, ƙarya ya yi?

Bari mu fara duba yadda abin yake. A shekarar 1990 kamfanin Adobe na Amurka ya fito da Photoshop, wato manhajar gyaran hoto a kwamfuta. Daga baya masu fasaha suka riƙa ƙera ƙananan manhajoji da ake haɗa mata, wata ta zuba hasken hantsi a hoton da aka ɗauka cikin duhun ɗaki, wata ta goge tabon fuska. A 2010 Instagram ya sa irin wannan aiki a cikin wayar salula, har yaro ma yana iya yi da yatsa ɗaya. Sai ƴan kasuwa suka ga hanyar samu. Suna biyan wanda yake da mabiya da yawa a Facebook ko TikTok, shi kuma ya nuna kayansu kamar don kansa yake yabo.

Ni a ganina ado ba zunubi ba ne. Amarya tana sa lalle da kwalli, ba wanda ya ce ta yaudari ango, gama kowa ya san lalle ne. Mai hoto ma tun dā yakan ce wa mutum ya juyo wajen rana. In ka gyara hasken hoton baftismar ɗanka don fuskoki su fito sarai, ba ka cuci kowa ba.

Amma a lura da inda maganar take juyawa. A ce an biya wata yarinya ta tallata man shafawa. Ta ɗauki hotonta, ta sa manhaja ta haskaka fatarta, sa'an nan ta rubuta cewa aikin man ke nan. A nan hoton ya tashi daga ado, ya zama shaida, shaidar kuwa ta zur ce. Wadda ta gani za ta cire kuɗin cefane ta saya. Da yawa cikin irin waɗannan mayuka akwai zaiba, wadda take lalata fata da ƙoda. Saboda haka ne Kwaddibuwa ta hana su a 2015, Ruwanda kuma a 2018. Ga shi hasken da aka ƙara cikin minti ɗaya ya kai wata asibiti.

Wannan laifi tsoho ne, riga kawai ya sake. Mun san mai tumatir da yake jera manya a bakin kwando, ruɓaɓɓu a ƙasa. Mun san tiyar da aka bubbuge gindinta. Littafin Misalai ya nuna Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin algus, annabi Amos kuma ya tsawata wa masu rage mudu. Mu tuna da Yakubu. Fatar ɗan akuya da ya ɗaura a hannu ba ta yi magana ba, amma ita ce ta ruɗi Ishaku. Ashe ana iya yin ƙarya baki a rufe.

Wani zai ce, ai kowa ya san ana gyara hotuna. To, in kowa ya sani, me ya hana a faɗa? Mai kaya yana biya ne domin ya san akwai waɗanda za su gaskata. Hukumomin duniya ma sun gane haka. Tun 2009 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta ce wanda aka biya, ko aka ba shi kaya kyauta don ya yabe su a intanet, sai ya bayyana. A 2023 Faransa ta yi dokar da ta tilasta wa masu irin wannan talla su rubuta cewa talla ce, su kuma faɗa in an gyara fuska ko jiki a hoton. In Kaisar yana neman wannan, balle Allah?

Wani kuma zai ce, aiki ya yi wuya, da me matasa za su ci abinci? Gaskiya ne, ba kuwa za mu raina wahalarsu ba. Talla sana'a ce, dillali ma yana cin ladarsa da halal. Abin da ake nema guda uku ne. Ka faɗa cewa an biya ka. Kada ka yabi abin da ba ka gwada ba. Kada ka gyara hoton a daidai wurin da mai saye zai duba ya yanke shawara: launin atamfa, girman kaza, hasken fata.

Mai yiwuwa wanda ya bi wannan zai rasa wasu masu biya. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, mai saye kuwa maƙwabcinka ne, wataƙila ma benci ɗaya kuke zama ran Lahadi. Kafin ka aika da hoto, ka tambayi kanka: in ya zo ya ga kayan da rana tsaka, zan iya duban idonsa? Ubangiji ya ba mu ikon amsa wannan tambaya ba tare da kunya ba.