Ba Hazon Hunturu Kaɗai Ake Shaƙa a Kano Ba

Da zarar hunturu ya kama, tari ya cika gidaje, sai Kanawa su ɗora wa hazo laifi. Hazon kam ba a wanke shi ba, iska ce ke kwaso shi daga Sahara, musamman kwarin Bodele na arewacin Chadi. Amma duk wanda ya bi ta Sharaɗa ko Challawa ko Bompai da sassafe ya san akwai abin da ba daga hamada ya taso ba. Hayaƙin injina da janareto, da na bolar da aka cinna wa wuta, da ƙurar da manyan motoci ke tayarwa, duk a cikin gari ake samar da su, rani da damina.

Wadda ta fi haɗari ita ce ƙurar da ido ba ya gani, wadda masana ke kira PM2.5. Sai an jera ƙwayoyinta kusan 30 kafin su kai kaurin silin gashi. Hanci ba ya iya tare ta. Takan zarce can cikin huhu, mafi ƙanƙantarta ma ta shiga jini, ta haddasa asma da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar waje ta yi ajalin mutum miliyan 4.2 a 2019.

Ƙurar garin masana'antu kuwa ba ita kaɗai take tafe ba, da ƙarfe a jikinta. Mai narka tsohon batirin mota yana sakin dalma. Mahaucin da ke babbaka da taya yana tura tutiya da baƙin hayaƙi cikin unguwa, ga kuma abin da ke maƙalewa a jikin gandar da za a ci. Yaran da ke ƙona waya don su ciro jan ƙarfe su ne farkon masu shaƙa. Dattin majemun zamani na ɗauke da sinadarin kuromiyam, idan ya bushe ko aka ƙona shi iska ta ɗebe.

Arewa ta riga ta ga aikin dalma da idonta. A 2010 aka gano cewa ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a ƙauyukan Zamfara, irin su Dareta da Bagega, ta halaka yara fiye da 400. Wancan ya zo da mace-mace, shi ya sa duniya ta ji. Na birni a hankali yake ci, kuma nan ne abin takaicin. Likitoci sun tabbatar babu wani adadin dalma da ba ya cutar da yaro. Takan taɓa ƙwaƙwalwa, karatu ya ƙi shiga, sai a ce yaron daƙiƙi ne, har a kai masa bulala, alhali guba ce iyayen gari suka bari ya shaƙa.

Masu waɗannan sana'o'i halak ɗinsu suke nema, babu mai cewa su zauna da yunwa. Sai dai haƙƙin maƙwabci bai tsaya a bakin katanga ba, tunda hayaƙi tsallakawa yake yi. Wajibi ne limamai su faɗi haka a huɗuba, masu unguwanni su hana narka batir da ƙona taya kusa da gidaje da makarantun allo, sarakunan pawa su koma babbaka da gas. Masana'antar da ke turnuƙe unguwa kuwa, a haɗu a kai ƙararta ga hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 domin irin wannan aiki, kuma a yi ta bibiya har a ga jami'anta sun zo sun auna.

A cikin gida ma akwai abin yi tun yau. A yayyafa ruwa kafin shara, a wanke wa yara hannu kafin cin abinci, magidancin da ke aikin batir ko gwangwan ya bar kayan aikinsa a wurin aiki, ya yi wanka kafin ya ɗauki jariri.