Mai Ciki Da Ta Faɗa Shan Kodin: A Kore Ta Ko A Kai Ta Asibiti?

Ya ku 'yan'uwa samari, ga tambaya. Matarka ko ƙanwarka tana da juna biyu, sai ka gano tana shan kodin ko taramol. Me za ka yi?

Da yawanmu amsar ɗayan biyu ce: a sake ta, ko a kulle ta a ɗaki har ta daina. To, mu bi a hankali.

Wannan bala'i ya shiga gidajen aure. Binciken da gwamnatin Nijeriya ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna cikin mutum huɗu masu shan ƙwaya, ɗaya mace ce. A shekarar ne kuma aka hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi.

Shan abin maye haramun ne, babu ja. Amma idan jiki ya riga ya saba, yanke shi dare ɗaya kan kawo amai, zawo, zufa da ciwon gaɓoɓi. Ɗan da ke ciki ma yana shan wannan azabar, har abin yakan kai ga ɓari ko haihuwar bakwaini. Shi me ya yi? Saboda haka ne a 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa, inda ake samu, a ɗora irin wannan mace a kan metadon ko bufurenofin a hannun likita, maimakon a raba ta da ƙwayar da ƙarfin tsiya.

Wani zai ce, "Malam, ai an musanya maye da maye ke nan." A'a! Wanda likita ya auna yana kwantar da jiki ne kawai, ta samu ta ci abinci, ta yi barci, ta tsai da salla cikin hankalinta. Wannan babin larura ne, kuma malamai sun san hukuncinsa. Ku tuna da matar nan Bagamidiya da ta kawo kanta da laifin da ya kai haddi: an jinkirta mata har ta haihu, har ta yaye. Ran ɗan aka duba. Balle wadda ciwo ya kama, take neman fita.

Sakin kuwa, ina za ta? Gida, cikin gori da habaici, ta daina zuwa awo don kunya, ta koma wa mai sayarwa a ɓoye. Shi kuwa ba ya tambayar wata nawa ne cikin.

Kai ne za ka raka ta awo, ka tsaya har a gaya wa likita gaskiya. A haihu a asibiti, domin a kwanakin farko jaririn yakan yi kuka mai tsanani, da rawar jiki, da ƙin kama nono, kuma duk ana maganinsu. Idan tana kan maganin likita, ba ta haɗa shi da komai, likitoci sukan ƙarfafa ta shayar, don nonon da ɗumin jikinta suna sassauta wa yaron.